Yadda za ka raba babban yatsanka da jan waya

Wata rana na ɗauki waya don in duba ƙarfe nawa, wallahi abin da ya kai ni kenan, ƙarfe nawa kawai. Kafin in ajiye ta kusan minti hamsin sun tafi, na kalli wani yana wanke kafet da injin feshin ruwa, na kalli rigimar wasu mutum biyu da ban san ko ɗayansu ba har na shiga kwament ina bin wa ya fi gaskiya, kuma abin dariyar da na ajiye wayar ban san ƙarfe nawa ba, sai da na sake ɗauka. Daga ranar na daina cewa "ai ina da iko da kaina". In kai ma ka san wannan yanayin, toh ga yadda na bi na rage jan allon waya a soshiyal midiya, da abin da ya yi min aiki da wanda ya zama ɓata lokaci.

Amma kafin matakan bari in cire maka wani nauyi, don mutane da yawa suna fara wannan yaƙin da zagin kansu, wai su malalata ne ko ba su da zuciya. Abin da ke hannunka an zauna an tsara shi ne. Jan da ba ya ƙarewa ɗin nan, wanda kana kai ƙasa sai wasu fostin su sake fitowa, wani mai tsara manhaja Aza Raskin ne ake danganta wa ƙirƙirarsa a 2006, kuma daga baya shi da kansa ya fito ya nuna nadama. Da can shafi yana ƙarewa, sai ka danna "na gaba", kuma wannan ɗan tsayawar ita ke ba ƙwaƙwalwa damar tambaya ko ya isa. An cire ta. Maɓallin layik na Facebook ya zo a 2009. Sean Parker, shugaban kamfanin na farko, ya faɗa a bainar jama'a a 2017 cewa tun farko tunaninsu shi ne yadda za su cinye lokaci da hankalin mutum iya gwargwado, kuma sun san rauni ne na ɗan Adam suke amfani da shi. Tushen dabarar ma ya girmi intanet, masanin halayya B.F. Skinner ya nuna tun shekarun 1950 cewa tattabarar da ke samun lada jefi-jefi ba tare da ta san yaushe zai zo ba ta fi naci wajen saran maɓalli fiye da wadda ke samu kowane lokaci. Bidiyo tara na banza, na goma ya sa ka dariya har da hawaye, shikenan kai ne tattabarar. Saboda haka duk abin da zan faɗa a ƙasa manufarsa ɗaya ce, a maido da tsayawar nan da aka cire, a sa tazara tsakanin yatsa da manhaja. Ƙarfin zuciya kaɗai da ƙarfe sha ɗaya na dare kana gajiye ba ya kai ko'ina.

Mataki na farko, kar ka canza komai tukuna, ka duba lissafi

In iPhone kake riƙe da ita ka shiga Settings ka nemo Screen Time, in Android ce ka nemo Digital Wellbeing, su ne ke lissafa lokacin da kake yi a waya, duka biyun tun 2018 suke cikin wayoyi amma da yawanmu ba mu taɓa leƙawa ba don muna tsoron abin da za mu gani. Ka bar shi ya tara maka na sati ɗaya kana rayuwarka yadda ka saba. Jimillar awoyi za ta ba ka tsoro, amma lambar da ta fi muhimmanci ita ce sau nawa ka buɗe wayar a rana, da kuma wace manhaja ce hannunka ke fara zuwa in ka buɗe. Sai ka yi ɗan lissafi, awa 3 a rana sau 365 ya zama awa 1,095, wato sama da kwana 45 cur a shekara dare da rana ba barci. Rubuta lambobin a takarda ka ajiye, za ka buƙace su nan gaba lokacin da zuciya za ta fara ce maka ai ba wani canji da aka samu.

Na biyu, ka kama kanka a daidai lokacin ɗauka

Wannan shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa kuma shi ne duk sauran suka dogara a kai. Kwana uku ka sa ƙaramar takarda da biro kusa, duk lokacin da ka farga kana ja, ka rubuta abu biyu: ina kake, kuma me ya faru sakan goma kafin ka ɗauka. Ba dogon bayani ba. Nawa da na duba abin ya ba ni kunya, kusan rabi duk abu ɗaya ne, ina cikin aiki na iso wajen da ya yi wuya, jimlar da ta ƙi fita ko saƙon da ba na son amsawa, sai kawai in ga waya a hannuna. Ashe guduwa nake yi. Wani nasa kaɗaici ne, wani jira ne, minti biyu a layi ba zai iya tsayawa haka nan ba, wata kuma sai yara sun yi barci take jin yanzu ne ta samu lokacin kanta don haka ba ta son kwanciya ko da idonta na rufewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maganin mai gudun aiki daban, na mai kaɗaici daban, shi ya sa shawarar da ta yi wa abokinka aiki kai ta ƙi.

Na uku, kashe notifikeshin

Wannan minti goma ne. Settings, Notifications, ka bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idata mai sauƙi ce, in mutum ne yake nemana ni da kaina, kira ko saƙo kai tsaye, a bari. In manhaja ce ke ce min wane ya yi fostin, wance ta fara layif, ka daɗe ba ka leƙo ba, kashe. Har da jan ɗigon nan mai lamba da ke kan alamar manhaja, shi ma ana kashe shi a wuri ɗaya, kuma ya fi ƙarar jawo ido. Guruf-guruf na WhatsApp ka sa musu shiru na dindindin, masu hayaniya ka tura su Archive.

Na huɗu, ka sa shiga ta yi wahala

Nan ne ainihin aikin yake don haka zan ɗan daɗe. Yatsanka ya haddace inda manhajar take, ba ya neman izininka. Gwada ka canza mata wuri ka gani, ni da na yi sai da na buɗe kalkuleta ya fi sau goma a rana ɗaya don ita ce ta koma gurbin, ina zaune ina kallon sifili a allo ina mamakin me ya kawo ni. Toh akwai hawa-hawa, ka fara daga ƙasa in bai riƙe ka ba ka hau sama.

Hawa na ƙasa, cire su daga fuskar waya gaba ɗaya, ya zama sai ka rubuta sunan manhajar a wajen nema kafin ka same ta. Na gaba da shi, duk lokacin da ka gama ka fita daga akawun ɗin, kuma kar ka bar wayar ta ajiye maka fasuwod, ka sa mai tsawo wanda rubuta shi ke da ban haushi. Na sama kuma, goge manhajar daga wayar, akawun ɗinka yana nan ba abin da ya same shi, in kana son shiga ka bi ta burauza ko ta kwamfuta. Ta burauza komai ya fi nauyi, bidiyo ba ya gudu sumul, wasu abubuwan ma ba sa buɗewa da kyau, kuma wannan munin shi muke nema. Ni sai da na kai hawa na sama kafin abin ya tsaya, biyun farko kwana huɗu kawai suka yi yatsana ya koyi sabuwar hanya.

Ka haɗa da maida allon baƙi da fari. A iPhone yana cikin Accessibility, Display & Text Size, Color Filters, sai ka zaɓi Grayscale. A Android sunan wajen ya danganta da kamfanin waya, amma yawanci yana cikin Accessibility ko cikin Bedtime mode. Ba sihiri ba ne, wasu suna sabawa da shi cikin sati, amma bidiyo mara kala da hoto mara kala ba su da wannan maiƙon, za ka ga kana gajiya da wuri.

Gargaɗi ɗaya da ba wanda ya yi min: in ka toshe ƙofa ɗaya hannu zai nemi wata. Na goge manhajar gajerun bidiyo sai na tsinci kaina ina bin sitatus ɗin mutanen da rabona da su shekara biyar, daga nan na koma shafukan labarai ina sabunta su kamar ni aka ba gadin duniya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ka sa ido a kan lissafin nan na mataki na farko, in wata manhaja ta fara kumbura ita ma a yi mata abin da aka yi wa 'yar'uwarta.

Na biyar, waya ba ta kwana kusa da kai

In abu ɗaya tak za ka ɗauka a duk rubutun nan ka ɗauki wannan. Cire caja daga gefen gado ka kai ta wani ɗaki, in ɗaki ɗaya ne ka kai ta lungu mafi nisa inda dole sai ka miƙe tsaye. Uzurin kowa shi ne alam, toh ka nemi ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Uzuri na biyu shi ne in wani abu ya faru da dare fa, ka sa Do Not Disturb, setin da ke sa waya shiru, ka ware lambobin mutanen da kiransu zai iya shigowa, ka ƙara ƙarar, za ka ji daga nesa. Ja na dare shi ya fi cin mutum don babu abin da zai katse shi, ba aiki ba baƙo, sai dai barci ya ƙwace wayar ta faɗo maka a fuska. Da safe ma ka ba kanka rabin awa kafin ka taɓa ta. Darare ukun farko za ka yi ta juyi kana jin kamar an cire maka wani abu a jiki, tunanin da kake dannewa da bidiyo duk za su fito su zauna a bakin gado. Yana wucewa.

Na shida, iyakar lokaci, amma mabuɗin a hannun wani

Duka wayoyin suna ba ka damar sa wa kowace manhaja iyaka, App Limits a iPhone, App timers a Android. Gaskiya tsakani da Allah in kai ka sa kuma kai ke da ikon cirewa wasa ne, iPhone ma har tana tambayarka ko a ƙara maka minti ɗaya, ko sha biyar, ko a bar ka yau gaba ɗaya, kuma ka san wanne za ka danna. Abin da ke aiki shi ne ka miƙa wa wanda ka yarda da shi wayar ya sa lambar sirri ta Screen Time mai lamba huɗu ba tare da ka gani ba. A Android akwai manhajojin toshewa da ke karɓar fasuwod, a yi haka da su. Kunyar kiran mutum ka ce don Allah buɗe min in kalli bidiyo ta fi kowane setin ƙarfi.

Minti nawa za ka sa? Wani bincike da aka yi a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, wanda ya fito a 2018, ya ɗauki ɗalibai 143, aka taƙaita wa wani rukuni Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana na sati uku, kuma aka ga kaɗaici da alamun damuwa sun ragu a cikinsu idan aka kwatanta da waɗanda aka bari. Minti 30 kenan a jimla. Amma in kana awa biyar yanzu kar ka faɗo kan 30 dare ɗaya, ka raba biyu, bayan sati ka sake rabawa. Kuma ya fi kyau ka sa wa lokacin suna, misali minti 20 da rana, minti 20 da yamma, a zaune, da niyya, maimakon tsinta-tsinta duk yini.

Na bakwai, share abin da ake zuba maka

Lokacin da ka shiga ɗin ma a rage masa santsi. Instagram tana da zaɓin Following da ke nuna maka waɗanda kake bi kaɗai bi da bi, X, wato tsohuwar Twitter, ma tana da shi a gefen For you, Facebook tana da Feeds. Can abin yana da iyaka don mutanenka ba sa fostin dubu a rana. A YouTube kashe Autoplay, sannan in ka goge tarihin kallo ka kashe ajiye shi, shafin farko yakan koma fayau sai wajen nema, dole ka san abin da ka zo nema. Sai anfolo, ba tausayi. Duk wanda in ka gama kallonsa kake jin ranka ya ɓaci ko kana jin rayuwarka ba ta kai ba, sallame shi, in kuma ɗan'uwa ne da cire shi zai jawo magana ka yi masa miyut, ba zai sani ba.

Na takwas, me hannun zai riƙe?

Yanzu koma kan takardar nan ta mataki na biyu. Duk ramin da ka gano sai ka tanadar masa abin cikawa tun kafin lokacin ya zo, ba a fafe gora ranar tafiya. Masanin halayya Peter Gollwitzer ya daɗe yana nazarin wannan, kuma abin da ya nuna shi ne niyyar da aka ɗaure da takamaiman lokaci da wuri, wato "in kaza ya faru zan yi kaza", ta fi "zan rage waya" cika nesa ba kusa ba. Nawa guda uku ne. In aiki ya cije, zan miƙe in zaga in dawo in rubuta jimla ɗaya ko mara kyau ce. In ina jira, littafi ƙarami yana cikin jaka. In na ji shiru ya yi min yawa da yamma, zan kira mutum ɗaya da murya. Kiran nan na minti biyar yana kashe ƙishin da awa biyu na kallon hotunan mutane ba ya kashewa, na gwada ya fi a ƙirga.

Abin maye gurbin ya zama mai sauƙi kuma wanda kake so da gaske. Kar ka ce za ka maye TikTok da koyon lissafi mai zurfi, ƙarya kake wa kanka. In sha'awar ta taso da ƙarfi kuma, kar ka yi kokawa da ita, ka ce mata toh na ji, nan da minti goma. Ka lura da inda take a jikinka, ni a tafin hannu nake jin ta kamar ƙaiƙayi. Tana hawa ta kai ƙololuwa ta sauka da kanta, sau da yawa kafin minti goman su cika ka manta.

Masu cewa ai sana'ata a can take

Gaskiya ne ga wasu, mai talla da mai sayar da kaya da ɗan jarida ba za su goge komai su tafi ba. Amma ka raba aiki da yawo. Fostin da amsa kwastoma yana da farko yana da ƙarshe, ka rubuta abin da za ka yi kafin ka shiga, ka yi shi ta kwamfuta in da hali, Meta Business Suite, manhajar 'yan kasuwa ta Facebook da Instagram, ma tana ba ka damar tsara fostin na kwanaki da amsa saƙonni ba tare da ka ga shafin farko ba. In za ka iya ware wata waya daban ta aiki wadda ke kwana a aljihun tebur, ya fi.

In kana jin duk wannan lallaɓawa ce kana son yanke ɗaya, akwai dakatar da akawun na wucin gadi, wanda ya bambanta da gogewa, Facebook ma tana barin ka ci gaba da Messenger. Wasu masana tattalin arziki daga jami'o'in Stanford da New York sun biya mutane su rufe Facebook na sati huɗu a 2018, suka samu kusan awa ɗaya ta dawo musu a kowace rana, walwalarsu ta ɗan ƙaru, ba da yawa can ba amma ta ƙaru, kuma bayan an gama da yawansu sun rage amfani da shi da kansu. Ka sanar da mutanenka kafin ka ɓace don kar a yi ta nemanka ana zaton ba lafiya.

Za ka zame, wannan tabbas ne

Maganar da ake yawo da ita cewa kwana 21 sun isa sabon hali ya zama jiki a manta da ita. Binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya samu cewa sabon hali yana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni a sati na uku na yi rashin lafiya na kwanta, na sake sauke manhajar "na yau kawai", na yi kwana biyar a ciki. Abin da ya fi zamewar illa shi ne muryar da ke cewa tunda an ɓata a ƙarasa. Ka goge ta a daren da ka farga, kar ka jira Litinin ko farkon wata, sannan ka ƙara layi ɗaya a takardarka: me ya buɗe ƙofar wannan karon. Nawa na rubuta "ciwo da kwanciya", yanzu in zan kwanta jinya rediyo nake jawowa kusa, wayar tana can wajen caja.

In kuma ka lura kana ja ne don ka danne baƙin ciki mai nauyi, ba ka barci, ba ka jin daɗin komai sati da sati, ko tsoro ya hana ka sakat, wannan ya wuce gyaran setin, ka je ka ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, matakan nan su tafi tare da wancan.

Duk ranar Lahadi da yamma ka buɗe lissafin nan ka ɗora shi kusa da lambobin da ka rubuta a satin farko, minti biyu ne. Ka duba awoyi, ka duba yawan buɗewa, ka duba wace manhaja ce ta hau sama a ɓoye. Satin da ya wuce nawa burauza ce ta yi tsalle, da na bi sawu ashe na bar kaina a cikin akawun ban fita ba tun ranar Laraba, na fita, na sake canza fasuwod ɗin zuwa wani mai tsawon da ni kaina sai na duba takarda.